Littafin Awon Kawu

Wata bakwai ina kallon hannun wani a waya,
yana bugawa, ina bugawa,
ya sa waƙafi, na sa waƙafi,
ya yi tari ma, saura ƙiris in yi.
Darasi arba'in da shida na sauke,
ko ɗaya bai taɓa yi mini gardama ba.
Na riƙa taku a Rafindaɗi kamar wanda ya ƙera jirgi.

Sai wata Laraba Kawu Tanimu tela
ya turo mini littafin awonsa,
bango ya sha maiƙo, ɓera ya ɗanɗana gefe.
Ya ce, "Tunda ka iya, zuba mani wannan cikin na'urar taka,
sallah ta matso."

Na buɗe kwamfuta. Fari fat.
Ba wanda zan tsayar, ba wanda zan mayar baya.
Yatsuna goma suka yi cirko-cirko
kamar baƙin da ba a amsa wa sallama ba.

Abin da na fara haɗawa bai ga la'asar ba.
Lawal uku ne a littafin:
Lawal Dogo, Lawal na Ƙofar Guga, da wanda ba ya biya.
Manhajata ta cure su mutum guda,
ta ba shi wuyan wancan da ƙafar wannan.
Kawu ya rubuta "talatin da rabi, a saki kaɗan",
ni kuwa lamba kaɗai na gina wa ɗaki.
Ɗan'asabe ya shiga da lanƙwasarsa,
ya fito da alamar tambaya a ka.
Sannan aka ɗauke wuta.

Jan rubutun nan da nake gudu,
daren nan na zauna na karanta shi,
kalma-kalma, ina bi da yatsa.
Ashe ba zagina yake ba, kwatance yake mini:
layi na sittin da biyu, je ka duba.

Kawu ya leƙo, allura a baki,
ya ce shekararsa ta farko wurin maigidansa a Ƙofar Marusa
reza ya fi riƙewa, ba almakashi ba,
kuma farke ɗinkin da ya karkace
shi ya nuna masa inda riga take tsayawa.

Kwana goma sha tara.
Ba kyau gare ta ba, maɓallin ajiya ma ya zame hagu.
Amma jiya Lawal da ba ya biya ya shigo da sabon yadi,
Kawu ya danna da babban yatsa,
dubu huɗu da ɗari biyar suka fito tsirara.
Lawal ya sosa ƙeya, ya laluba aljihu.

An ce gani ya kori ji.
A shagon nan, tsakanin ƙyallaye da ƙarar keke,
na haɗu da abin da ya kori gani.

Yanzu ya ce in ƙara masa ranar alkawari,
ko da yake na san ba mantuwa ke damun tela ba.
Ban san yadda ake yi ba tukuna.
Na ja kujera.