Riƙon da Ba a Goyawa

Aikina a tsibirin Mayo, ƙasar Kabu Berde,
shi ne rubuta sunaye a jikin turke.
Duk ramin da kififiyar teku ta zuba ƙwai ta binne
sai in kafa masa itace, in jira saƙo.
Wani can ƙetare ya biya kuɗin riƙo,
shi a aika masa takarda da hoton rairayi,
ni a ba ni suna da gwangwanin fenti.

Na rubuta sunan kyanwar wani yaro.
Na rubuta wanda harshena ya kasa juyawa,
na kwafe shi baƙi-baƙi, kamar mai zanen ƙwarya.
Riƙo ne ba goyo, ba tashin dare,
uwar ba za ta gane ɗanta ba ko sun yi kiciɓis a ruwa.
Amma kuɗin na sayen batir da takalman sintiri,
na biyan mu shida masu kwana a gaɓa.

Ran Talata saƙo ya zo daga Rotadam:
rami na saba'in da uku, a rubuta Firmino.

Na ajiye burushi.

Firmino ai na san shi.
Mai wuƙa da ƙotar ƙaho, mai tafiya ba fitila,
wanda ya kifar da tara a dare guda
ya bar su rigingine suna iyo a iska
har ya dawo da jaki da asuba.
Naman ya sha gishiri, ya hau jirgi,
ya zama littafi da rigar makarantar Ondina.
Ni ma na ci, kada in yi ƙarya.
Shekarar da sama ta ƙi mu
babu tukunyar da ta tambayi asalin nama.

Ƙasan saƙon Ondina ta ƙara layi biyu:
Babana ya rasu watan jiya.
Ban san yawan bashin ba, a fara da wannan.

To, na rubuta.
Hannuna ya yi rawa, baƙin farko ya karkace.

Dare hamsin da huɗu ina gadin Firmino.
Na kori karen Zulmira sau uku,
na tone ƙaguwa daga gindin turken,
daren da ruwa ya yi toroƙo ya haura iyakarsa
na jera buhunan yashi har kafaɗata ta mutu.
Wani lokacin nakan yi masa magana:
ka ga yadda duniya take, tsoho?
Kai ne yau kwance a kan ƙwai.

Sai wani dare rairayin ya lotsa,
ya motsa kamar kunu zai tafasa.
Kai ɗaya. Sai goma. Sai na daina ƙirga da baki.
Kowace ba ta cika tafin hannu ba,
duk sun nufi inda teku ke walƙiya
ban da ɗaya, da ta juya wa ruwa baya
ta bi hasken kantin Zulmira.
Ba a ɗaukarsu. Ƙafarsu ce za ta haddace gaɓar.
Na tsaya tsakaninta da fitilar, na baza zanena,
ta yi jim,
ta juya.

Da safe muka tone ramin muka ƙirga ɓawo:
tamanin da ɗaya, sittin da takwas sun fita.
Na aika wa Ondina lissafin.
Ban gaya mata abin da malaman ruwa ke faɗa ba,
cewa cikin dubu da ƙyar ɗaya ke girma.
Ta sani, 'yar gaɓa ce.

Da kaka ta wuce mukan tuge turaku,
mu shafe su da fari saboda baɗi.
Nasa na shafa sau biyu.
Har yanzu in rana ta faɗo a kaikaice
ana karanta shi.