Hujin Kwano

Bayan Kwannawa, inda kwalta ke sallama da mota,
akwai fili da aka kewaye da waya,
tudun jar ƙasa a ƙarshensa, buhunan yashi a gindi.
Ranar Asabar nake zuwa,
in na rufe kantin magani da wuri.

Sajan Arzika ke riƙe da ƙofa.
Kunnensa na hagu ya mutu tun yana soja,
in za ka gaishe shi, zagayo ta dama.
Ba ya tambayar iyali sai ya ga lasisi,
sai ka sa hannu a rajista,
sai ka buɗe jaka ya leƙa cikin ƙarfen da idonsa.

"Wagga aba," in ji shi, "ba ta san mai ita ba.
Ko kai kaz zare harsashi da hannunka,
ɗauka cike take.
Bakinta ga tudu. Kullum ga tudu.
Yatsa nesa da kunama
sai ido ya zauna ga allo.
Wanda yash sha wani abu, ko yat taho da hushi,
shi koma gida, hili na nan gobe."

Mu toshe kunne, mu sa tabarau.
Jar tuta ta hau sanda.
Daga nan babu hira, babu raha,
sai ƙara, sai warin albarushi,
sai kwanso mai zafi yana tsalle a siminti.

Kalma guda ce ta kowa da kowa: Tsaya!
Ba ta da babba, ba ta da yaro.
Jelani mai share kwanso ya taɓa kurma ta
don ya hango tunkiya a kan tudu.
Muka ajiye, muka ja da baya ga farin layi,
muna gunaguni a ciki.
Sai ga kallabi ya ɓullo bayan tunkiyar,
yarinya ce da sanda, tana cin magarya.

Wata rana wayar Alhaji Sahabi ta yi kuka.
Ya juyo zai ɗauka, bindiga a hannu,
bakinta ya bi ƙirjinmu ɗaya bayan ɗaya
kamar mai ƙidayar awaki.
Na ji yawuna ya ƙafe.
Sajan bai ɗaga murya ba. Ya tako,
ya danna bakin ƙasa, ya karɓe,
ya miƙa hannu: "Katinka."
"Ka san ko ni wane ne?"
"Ni na sani, Alhaji. Harsashi bai da labari."
Wata uku ba mu ga motarsa ba.
Da ya dawo, a mota ya bar wayar.

A rufin rumfa akwai huji,
bai kai girman kwabo ba.
Damina ta zo, ya ɗiga. An kawo mai gyara,
Sajan ya sallame shi da kuɗin mota.
Na ce, wane sakarai ne ya yi wannan?
Ya daɗe yana kallon tudu.
Na ɗauka ta hagu na tsaya.

"Ni na," ya ce.
"Shekara ashirin da shida ina ɗauke da ita,
nic ce na san babu komi ciki.
Ɗana na zaune nan, inda kake,
yana cin gyaɗa."

Bai ƙara ba. Ya tafi sauke tuta.

Yanzu in rana ta take tsaka,
wani ɗigon haske yakan sauko ta hujin
ya zauna a kan rajista,
daidai inda ake sa hannu.
Nakan jira ya taɓa bayan hannuna
kafin in rubuta sunana.