Ƙullin da Barau Ya Kawo

Shekara ashirin da uku Baba yana kamfanin taba,
bai taɓa sa kara ɗaya a bakinsa ba,
amma ganyen ya biyo shi gida,
ya shimfiɗa tabarma a ƙirjinsa ya zauna.
Da dare a Tudun Jukun, in an ɗauke wuta,
ƙirjin kan yi kuka kamar 'yar kyanwa a ƙarƙashin kwando,
mu kuwa mu yi lamo, muna ƙirga numfashi.

Likitan Shika ya ce asma ce,
ya ba shi 'yar shuɗiyar robar shaƙa.
Baba ya raɗa mata suna Gajeriya,
tana kwana a aljihun gaba, ita da carbi.

Sai ga Barau ya dawo daga Sin,
inda ya je sarin kayan waya,
da ƙulli a jar takarda, an ɗaure da zare.
Ya ce wani tsoho ne a lungun kasuwa,
shagonsa ƙananan aljihunan katako har rufi,
ya saurari tarin Baba ta waya,
ya lumshe ido,
ya auna a ɗan sikelin tagulla.

Muka kwance a kan faifai.
Ɓawon lemo, ya tsufa ya yi duhu kamar jemammiyar fata.
Wata saiwa rawaya mai ɓoye zaƙi a ƙarshen harshe.
Fararen ƙwallaye masu ƙanshin da ban san sunansa ba.
Korayen tsinkaye, sai ka ce an karya tsintsiya.
Baba ya ɗauki wani yanki ya sansana,
ya yi dariya har tari ya ƙwace masa ita:
"Wannan ai citta ce!
Barau, ka haye teku ka sayo mini citta?
Ta Kaciya ta fi ta yaji."

Rubutun jikin takardar kuwa
ƙananan gidaje ne masu ƙofa da taga,
ba mu da mabuɗin ko ɗaya.

Na hau acaɓa zuwa Samaru,
wurin Anti Laraba mai haɗa magani.
Ta sa tabarau, ta ware tsinkayen gefe da farce.
"Waɗannan suna buɗe ƙirji,
amma suna sa zuciya sukuwa.
Ga mai hawan jini irin babanku, a'a.
Sauran ki dafa kaɗan mu gani,
kuma ko da wasa kada a raba shi da Gajeriya."

Tukunyar ƙasa, ruwa kofi uku,
wuta a hankali har ya koma ɗaya.
Tururin ya haura katanga,
Gambo maƙwabciya ta leƙo: "Wa ke dafa daji?"
Baba ya kurɓa, ya yamutse fuska,
ya ce, "Ashe ɗaci ba shi da yare."

Daren nan an yi ruwa har kwata ta cika.
Wajen ƙarfe biyu tarin ya zo,
ya kakkaɓe shi, ya fitar da abin da ya fitar.
Ya lalubo Gajeriya, ya zuƙa sau biyu,
sannan shiru,
irin shirun da ya sa na tashi na kara kunne a ƙofa.
Barci yake, har da ɗan minshari.

Barau ya ce aikin tsohon ne.
Anti ta ce robar ce.
Inna ta ce ku dai ku gode wa Allah.
Ni ban ce komai ba, na wanke tukunya,
na zuba tsinkayen a gwangwanin tumatir, na ɗora bisa taga.
Gobe ma kyanwar na iya dawowa, na sani.

Da hantsi Baba ya fito zaure,
ya ja iska a tsanake kamar mai ɗanɗana miya,
ya ce, "Barau, yaushe za ka koma?
Ka kai wa tsohon nan mudu guda na cittarmu.
Ka ce daga wani mai tari ne a Zariya."