Ɗaki Na Sha Huɗu

Ni ne Nurettin, mai tsaron teburin dare
a wani ƙaramin otal a Erzurum, bayan babban asibiti,
inda ƙanƙara ke toshe bakin ƙofa tun Nuwamba.
Aikina littafi, mabuɗai, da tukunyar shayi.

Ran Talata wata mata ta shigo, Gulizar,
gyalenta a jiƙe, jakarta ɗaure da igiya.
Ta ce, "Gado biyu, ni da ɗana Tuncay."
Ta ƙirga lira, ta sake ƙirgawa.
Na rubuta mutum biyu, na miƙa mata mabuɗi.

Sha ɗaya na dare ƙofar baya ta yi kuka.
Na san kukanta kamar tarin mahaifina.
Na dulmiya kai cikin jaridar jiya
ina hangen su a gilashin agogon bango:
tsoho ya rungume sandarsa kada ta ƙwanƙwasa ƙasa,
'yan mata biyu, takalma a hannu,
sai wani dogo da bargo a kafaɗa
yana sanɗa irin ta wanda bai taɓa sata ba.

Shida ke nan,
a ɗakin da alƙalamina ya ce biyu.

Dokar mai otal na manne a bayana:
ƙarin kai, ƙarin kuɗi.
Lissafin ba wuya, ko ɗan firamare ya yi shi.
Sai dai na ji ta tana waya a matakala:
maigidanta na kwance, gobe za a buɗe masa ƙirji,
tumaki tara suka sayar a ƙauye,
likita ya ci bakwai, mota ta ci ɗaya.

Ƙarfe uku na hau duba bututun ɗumi.
Ƙofarsu ba ta rufu ba, ƙafar dogon ta tokare ta.
Tsoho a gado ɗaya yana ja da minshari,
'yan matan kai da ƙafa a ɗayan,
Tuncay ƙarƙashin taga, ya yi matashi da kwat.
Safa goma sha biyu na shanye kan bututu
kamar kifin da aka jera a banda.
Ita kaɗai ce zaune a kujera, idonta biyu.
Muka haɗa ido.
Na ce, "Ruwan zafi na zuwa?" Ta ce, "Yana zuwa."
Na sauko.

Da safe tikitin karin kumallo biyu ne.
Na ga ta raba ƙwai biyu gida shida da bakin cokali,
zaitun ɗai-ɗai, burodi yanka siriri.
Na ɗora kofi shida a tire na tura mata.
Ta buɗe baki, na riga ta:
"Tukunyar ce ta cika, zubarwa zan yi."

Kwana huɗu ya koma tara.
Mai otal ya zo da gilashi a kan hanci:
"Me ya sa sha huɗu ke cin tawul haka?"
Na ce masa yaron akwai son wanka.
Allah Ya yafe mini, shi ma ya san farashin tawul.

Daren ƙarshe ƙofar baya ba ta yi kuka ba.
Ta gaba ce ta buɗe, iska ta shigo da su,
wani ramamme a tsakiya, matashi rungume a ƙirji,
yana taku kamar mai koyon tafiya.
Gulizar ta ajiye kuɗi a gabana, ta danne da cukun ƙauye.
Ta ce, "Wannan kam rubuta shi.
Ba zai shiga ta baya ba."

Na tambayi sunansa, ya faɗa da kansa: Zekeriya.
Na soke biyu, na rubuta uku.
Bakwai suka hau.