Buhun Labbo

A bayan tashar Jega Labbo ke da rumfa,
tsohuwar tukunya ba ta mutuwa a hannunsa.
Ludayin da ya karye, murfin da ya lanƙwashe,
buhu yake cusa su, ya ɗaure baki,
ya miƙa wa wuta, kan la'asar an sauke sabuwa.

Ni ne Sahabi, ɗansa da aka tura boko.
Wani dare a Aliero, ina kan littafi,
sai ga rumfar tsohona a cikin jikina.
Ashe kowace ƙwayar halitta 'yar zubi ce:
abin da ya tsufa takan naɗe a buhu mai ruɓi biyu,
ta kai ɗakin tsami a narkar,
ta sake gina kanta da tarkacen kanta.
In yunwa ta yi tsawo, da wannan take rayuwa.

Bairas ma in ya faɗo gidan
haka ake sure shi da shara a jefa.
Da yawansu nan labari ke ƙarewa.

Sai dai akwai 'yan duniya a cikinsu.
Wani ba ya gudun buhu, shi ke sa a ɗinka,
ya shige, ya toshe hanyar tanderu.
Wuta na can tana jira, buhu na nan jingine,
ya mai da shi ɗakin haihuwa.
Wani kitsen gidan yake sa a narkar masa,
ya sha, mai gida na hamma.
Ranar tafiya wani a buhun yake fita,
masu gadi su duba su ce: shara ce, bar ta ta wuce.
Da kayan gida aka ci gida,
ko ƙofa ba a ɓalle ba, balle a ji kururuwa.

Da hutu na ba Labbo labarin.
Bai ɗago ba, yana kankare bakin tukunya.
Ya ce: daminar da gawayi ya jiƙe
na bar buhu kwana tara a lungu,
na kwance, sai jinjirayen ɓera jajawur.
Na ce: to, a daina tarawa ke nan?
Ya ce: ka daina, tarkace ya binne ka.
Buhu bai yi laifi ba, kwanan ne.

Ya zazzage na yau a gabana,
ya tona da ƙafa, ya duba ƙasan buhun,
sannan ya ce: malamin ƙwayoyi,
kama zugazugin nan, wuta na mutuwa.