Garin Marfi

Bayan isha'i, a rumfar Ilu mai faci,
rediyo na rataye a ƙusa, eriyarta ɗaure da zare.
Mu bakwai ne, ran kasuwa tara.
Ƙasa biyu ke faɗa, katangarsu ɗaya,
kakanninsu sun sha rijiya ɗaya, in ji mai labarai,
yau shekara uku suna aika wa juna wuta.

Malam Jibo ne ya fara zana abin a rairayi.
Ya ja layi da sanda: nan kogi.
Ya gitta karan dawa: gada.
Marfin kwalba shi ne birnin da aka yi wa ƙawanya,
sunansa ya ƙi zama a harshenmu
sai muka raɗa masa Garin Marfi.
Talata aka ce an ci shi.
Alhamis aka ce an ƙwato.
Asabar akuyar Hakama ta ratsa fagen daga,
ta take gabas, ta yi kashi a yamma,
da muka zo gyara
ba wanda ya tuna inda iyakar take.

An ce manya sun zauna a wata ƙasa mai sanyi,
kwana huɗu ana gardamar wa zai fara shiga ɗaki.
An sha shayi. An ɗauki hoto.
An tsagaita wuta daga asuba zuwa la'asar
don kowa ya kwashi gawarsa:
ɗari biyu nan, ɗari biyu da sha ɗaya can.
Sha ɗayan nan ta hana ni barci.
Wa ya ƙirga?
Uwar wa aka gaya wa ɗanta ne rarar?

Ni iyakata Kano, sau biyu, duka asibiti.
Amma yaƙin ya san hanyar Auyo.
A bayan mota ya zo, cikin buhun taki,
ya sauka a kasuwa ya ninka kansa.
Bana da marfin kwalba nake auna wa shinkafata,
kamar mai ba jinjiri magani.

Talle yana zama a ƙarshen benci.
Tsakanin gonata da tasa akwai layin gamba,
iyayenmu suka dasa, suka raba goro a kai.
Damina uku da suka wuce
garmarsa ta ci mini kunya biyu.
Ya ce ruwa ne ya matsar da ciyawa.
Mai unguwa ya taka, dagaci ya aiko,
liman ya karanta mana haƙƙin maƙwabci,
muka shafa, muka ce amin,
kowa ya koma ya wasa fartanyarsa.
Turmi ya daina tsallake danga.
Jikokinmu sai a ɓoye suke wasa,
kamar 'yan fasa-ƙwauri.

Da Talle ya ce ƙasar gabas ce da gaskiya
na zama ɗan yamma nan take.
Ban san tutarsu ba.

Jiya batir ya mutu a tsakiyar magana:
"Ɓangarorin biyu sun amince da..."
Shiru.
Ilu ya bubbuga, ya lasa, ya girgiza kai.
Talle ya kwance gindin tocilarsa.
Ni ne tsakaninsa da Ilu,
dole batir ya bi ta tafina.
Da ɗumi na karɓe shi.

Kafin murya ta dawo, an shiga labarin ƙwallo.

Muka tashi ba mu san me aka amince ba.
Hanyarmu ɗaya, ba wata, ba tocila,
ina gaba, yana baya.
Wajen tsamiyar makabarta ya yi gyaran murya:
"Akwai rami gabanka."

Ban amsa ba.
Kunyata biyu suna nan inda garma ta kai su.
Amma na ɗaga ƙafa.