Jan Gwada Biyu a Kumo

Katangar Kawu Jauro, bayan tasha,
rana ta take tsaka.
Ɗaya tsoho, wutsiya guntuwa,
damina uku yana riƙe da wannan tsaga.
Ɗaya baƙo, kansa ja wur kamar garwashi.

Suka gyaɗa wa juna kai.
Wanda bai sani ba sai ya ce gaisuwa ce.
Can wutsiya ta tashi, fyau, fyau,
ƙasa na zubowa cikin farantin gyaɗata.

Macen tana gefe tana tsintar gara,
ko ɗago ido ba ta yi ba.

Da la'asar tsohon ya sauko,
ya bi ƙarƙashin bencina yana jan ƙafa.
Na janye takalmina ya wuce.
Ni ma dā ina da rumfa a bakin titi.